Wace ce Geneva Gay, kuma ina ruwan ajinmu da maganarta?

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni malamar firamare ce, shekarata tara ina koyarwa, yanzu kuma ina mastas a ɓangaren tsara manhaja. Sufabaizana ya ce in gina furojet ɗina a kan aikin wata farfesa 'yar Amurka mai suna Geneva Gay, wai koyarwa mai la'akari da al'adar yaro. Na sauke takardu da yawa amma turancin ya min nauyi, kuma gaskiya zuciyata tana faɗa min wannan rigimar baƙaƙen Amurka ce da fararensu, mu nan ai duk ɗaya muke. Don Allah wace ce matar nan, ta yaya ta kai inda ta kai, kuma abin nata zai yi aiki a ajin da nake da yara tamanin da ɗoriya?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba da sa'a ya sa a gama lafiya. In na fahimce ki daidai abu uku kike tambaya, wace ce ita, me ta faɗa da har ake jingina mata fannin, sai kuma ko maganar ta shafe mu ko kuwa kayan wasu ne muke son ɗora wa kanmu. Ta ukun nan ce ta fi jan hankalina don nima haka na ce lokacin da na fara cin karo da sunanta, na ce mu da muke fama da rashin benci da alli ina mu ina wani zancen al'ada. Na daɗe ina koyarwa a kwalejin horar da malamai, kuma duk shekara ina cikin masu zagayen duba ɗalibai in sun fita tichin firaktis, toh zagayen nan ne ya sa na janye waccan maganar tawa. Amma bari mu bi abin daki-daki.

Inda rigimar ta samo asali

A 1954 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira Brown cewa ware makarantun gwamnati, na farare daban na baƙaƙe daban, ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasar. Wannan a takarda kenan, aiwatarwar ta ɗauki shekaru ana ja-in-ja, kuma da aka zo haɗewar a wurare da yawa makarantun baƙaƙen aka rufe aka kwashi yaran aka kai su na fararen, malamai da hedimastoci baƙaƙe dubbai suka rasa aikinsu. Kinga yaro ya rabu da malamin da ya san gidansu ya san cocinsu ya san yadda ake magana a unguwarsu, ya koma hannun wanda bai san komai a kansa ba sai abin da ya ji ana faɗa. Da sakamako ya riƙa fitowa ba kyau sai masana da yawa a shekarun 1960 suka ce ai daga gida matsalar take, wai yaran sun taso a gidajen da ba a zuba musu komai a ka ba, don haka aikin makaranta shine ta goge abin da suka zo da shi ta zuba musu na kirki. Ki riƙe wannan bayanin da kyau Malama, don shi ne abokin faɗan Geneva Gay tun daga farkon aikinta har ƙarshensa, kuma in kin saurara a ɗakin malamai na makarantarku za ki ji ɗan'uwansa da Hausa, "ai ɗan ƙauye ne", "iyayen ba su san darajar boko ba", "kansa ba ya ja".

A ɗaya ɓangaren kuma guguwar neman 'yanci tana kaɗawa. A 1968 ɗalibai a kwalejin San Francisco State suka shiga yajin karatu na kusan wata biyar suna neman a riƙa koyar da tarihi da adabin baƙaƙe da na sauran ƙabilun da aka mayar gefe, a 1969 aka buɗe musu tsangaya guda ta wannan karatun. Daga irin wannan yunƙurin ne fannin da ake kira ilimin al'adu mabambanta ya tsiro, ya sauko daga jami'a zuwa sakandare da firamare.

Tafiyar tata

Abin da nake so ki fara lura da shi, matar nan daga aji ta fito. Malamar sakandare ce a garin Akron da ke jihar Ohio tana koyar da soshiyal, a makarantun cikin birni, kafin ta koma karatu ta yi digirin dokta a Jami'ar Texas da ke Austin a 1972. Fanninta na asali shine irin naki, tsara manhaja da dabarun koyarwa, shi ya sa in kina karanta ta za ki ga kullum tana komawa kan me malami zai yi ranar Litinin da safe. Ta yi shekaru tana koyarwa a Jami'ar Purdue a jihar Indiana, sai a 1991 ta koma Jami'ar Washington da ke birnin Seattle, kar ki haɗa da Washington babban birni, wannan jiha ce can ƙuryar arewa maso yamma. A can ta haɗu da James Banks wanda yake jami'ar tun 1969 kuma shi mutane da yawa suke kira uban fannin, a 1992 ya kafa cibiyar nazarin ilimin al'adu mabambanta a jami'ar, zaman su biyun wuri ɗaya ya sa duk mai son yin dokta a wannan layin idonsa yana kan Seattle. Nan ta zauna kusan shekara talatin har ta yi ritaya a 2020.

Littafin da ya fito da sunanta duniya shine Culturally Responsive Teaching, wato koyarwa mai la'akari da al'adar yaro, na rubuta miki sunan da turancinsa don ki iya nemansa, ya fito a 2000 a jerin littattafan da Banks yake wa edita, aka sake buga shi da gyare-gyare a 2010 da 2018. A 2001 ƙungiyar kwalejojin horar da malamai ta Amurka ta ba shi lambar yabo ta fitaccen rubutu, kafin nan kuma a 1994 ita ce ta farko da ƙungiyar masu ilimin al'adu mabambanta ta ƙasar ta karrama da lambar gwarzon malami. Ki lissafa ki gani, daga dokta a 1972 zuwa littafin a 2000 shekara 28 ne, na kan faɗa wa ɗalibaina masu gaggawar su yi suna da furojet ɗaya su duba wannan.

Wani abu kuma da za ki kiyaye a babi na biyu na furojet ɗinki, kar ki rubuta cewa ita ta ƙirƙiro abin daga sama, ekstanal, wato mai duba furojet daga wata jami'a, zai kama ki. Tun farkon shekarun 1980 masu bincike suna amfani da wannan sunan da ta sa wa littafin. Kathryn Au ta nuna a Hawai cewa yaran asalin tsibirin sun fi fahimtar karatu in aka bari suka tattauna labari irin yadda suke hira a gida, wannan ya fara wancan ya karɓa su ƙarasa tare. Gloria Ladson-Billings a 1994 ta fitar da nazarin da ta yi wa malamai takwas da suka yi fice wajen koyar da yara baƙaƙe, ta fito da nata tsarin mai ƙafa uku, yaro ya ci karatu, ya riƙe al'adarsa yana kuma koyon ta wasu, sannan ya iya tambayar me ya sa al'umma take yadda take. Luis Moll da abokan aikinsa a Arizona sun tura malamai gidajen ɗalibai 'yan asalin Meziko su je su ga irin ilimin da ke cikin gidan, na kanikanci da noma da gini da kasuwanci. Aikin Gay shine ta tattaro duk wannan tarin binciken da yake a warwatse ta ɗinke shi wuri ɗaya ta miƙa wa mai horar da malamai a hannu.

Me take cewa

A dunƙule tana cewa ka yi amfani da abin da yaro ya sani, da abin da ya saba gani, da yadda ya saba magana da koyo a gida, a matsayin hanyar da sabon ilimin zai bi ya shiga. Kuma hujjarta mai sauƙi ce, makaranta dama can tana yin haka, sai dai ga yaran rukuni ɗaya take yi, wanda misalan littafi da yaren malami da tsarin zaman aji suka yi daidai da na gidansu. Shi wannan yaron bai ma san ana masa gata ba, shi kuwa ɗayan sai ya yi aiki biyu, ya koyi darasin ya kuma koyi baƙuwar hanyar da aka kawo darasin.

A wata maƙala da ta rubuta a 2002 ta kasa aikin gida biyar, malami ya san al'adun yaran da ke gabansa sani na haƙiƙa, ya gyara abin da ke cikin manhaja, ya nuna kulawa ya mayar da ajin jama'a ɗaya, ya fahimci salon maganar yaran, sannan ya daidaita dabarar koyarwarsa. A kan manhaja ta ce iri uku ce, akwai wadda hukuma ta rubuta, akwai wadda ke liƙe a bango wato hotuna da sunaye da waɗanda ake yabo, akwai kuma wadda gari ke koya wa yaro ta talabijin da barkwanci. Ta ukun nan mun san ta sarai, yaron da tun yana ƙarami yake jin labaran ban dariya da ake yi da Bafulatani ko Bagwari ko baƙauye, da su yake shigowa aji kuma da su yake kallon na kusa da shi a benci, kamar dai yadda ɗan Bahaushe a Legas yake shan "aboki" a bakin 'yan ajinsu.

Amma biyun da na fi so ki tsaya a kansu su ne kulawa da salon magana. Kulawa a wajenta ba lallaɓa ba ce, nan ne mutane suke kuskure. Malamin da ya ce "a bar shi kawai, yaron talakawa ne, a ba shi maki ya wuce" a ganinta ya cuci yaron fiye da wanda ya tsananta masa, don ya riga ya yanke hukunci cewa ba zai iya ba. Akwai wata mai bincike Judith Kleinfeld da ta yi nazari a Alaska a 1975 ta gano malaman da suka fi cin nasara da yaran 'yan asalin yankin su ne masu haɗa sakin fuska da matsa lamba, yaro ya san kana ƙaunarsa ya kuma san ba za ka karɓi aikin banza daga hannunsa ba. Duk wanda ya yi makarantar allo a hannun malamin kirki ya san irin wannan mutumin, zai tambayi jikin mahaifiyarka zai ba ka ragowar kokonsa amma allon nan sai ka biya shi daidai kafin ka wanke.

Salon magana kuma, ta bambanta ajin da malami ke magana kowa ya yi tsit sai an nuna ka, da al'ummar da mai sauraro yake amsawa yana tayawa, irin na cocin baƙaƙen Amurka inda mai wa'azi yana faɗa jama'a na karɓa. Yaron da ya taso a haka in ya tsoma baki malami yana magana alamar yana tare da shi ne, sai malamin ya rubuta shi a masu surutu. Haka ma wajen ba da labari, wani yaron zai ɗauki batu ɗaya ya bi shi a miƙe, wani kuma zai kawo wannan ya rataya wancan ya zagayo sai a ƙarshe ka ga inda suka haɗu, malamin da bai saba ba sai ya katse shi ya ce ba shi da kan gado. Mu da tatsuniya ba ta farawa sai an ce "ga ta nan ga ta nan ku" an amsa "ta zo mu ji ta", ba ma buƙatar a yi mana dogon sharhi a nan.

"Mu ai duk ɗaya muke"

Toh Malama, nan ne zan ɗan saɓa miki. Wata rana na je duba wani ɗalibina a wata firamare a gefen gari, aji uku, yaron kirki ne ɗan cikin birni kuma ya shirya lesin nasa tsaf. Akwai wani yaro sabon zuwa a bencin baya, sai malamin ya tashe shi ya tambaye shi sunan babansa zai cike rajista. Yaro ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Ya sake tambaya da ƙarfi, shiru, ya ce ɗago ka kalle ni ina maka magana, yaro ya ƙara nutsar da kai yana murza bakin rigarsa, aji ya fashe da dariya, can wani ya ɗaga murya daga gefe ya faɗi sunan uban. Da muka fito ɗalibin nawa ya ce min "Malam wannan ko kurma ne ko daƙiƙi". Na sa aka kira min yaron lokacin tara, ashe daga wata ruga yake zuwa a ƙafa, Hausar tasa ma ba ta gama nuna ba balle turanci, kuma a tarbiyyar da aka masa kama sunan mahaifi gatsau a gaban jama'a da zuba wa babba ido duk rashin kunya ne. Wato yaron yana nuna iyakar ladabin da ya sani ne aka rubuta shi a daƙiƙai. Abin da ya fi damuna shine shi kansa malamin ya san wannan kunyar, a gidansu akwai wanda ake kira Abba don an sa masa sunan kaka, mahaifiyarsa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, amma da ya sa rigar ticha ya riƙe alli sai ya ajiye duk wannan sanin a bakin ƙofa.

Kinga abin ya zo mana ta fuska biyu kenan. Ta farko ita kanta makarantar boko da yarenta da misalanta baƙuwa ce ga yawancin yaranmu, a nan ɗan Bahaushe shi ne wanda ake nema ya bar kayansa a waje. Ta biyu kuma wadda ba mu cika son ji ba, a aji da yawa a Arewa mu Hausawa mu ne masu rinjaye, mu ne a kujerar da fararen Amurka suke a littafin Gay. Ki buɗe rajistarki ki ƙirga, yara nawa ne ake musu Fulatanci ko Kanuri ko Nufanci ko Gbagyi ko Tangale ko Igbo a gida, nawa ne Kiristoci a ajin da duk misalin jimla Musa ne ya tafi masallaci. Don yaro yana jin Hausa a kasuwa ba shi ke nuna a cikinta yake tunani ba. A Kaduna ko Jos ko Yola ko Sabon Garin Kano wannan ba ya ma buƙatar ƙirga. Ita ma gwamnati ta amsa cewa akwai matsalar tun da ta kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, sai dai yaron rugar da ya shigo makarantar gari ba ya ƙarƙashin kowace hukuma sai ke.

Ga labari na biyu. Wata yarinya 'yar aji huɗu aka fito da ita allo ta yi ɗebewa, ta tsaya tana kallon lambobin kamar yau ta fara ganinsu, malamar ta ce kullum haka take. Na lura da bokitin roba a ƙarƙashin bencinta, na tambaya aka ce awara take kaiwa talla in an tashi. Na ce mata awara uku naira ɗari, mutum ya ɗauki tara ya ba ki ɗari biyar, nawa ne canjinsa? Wallahi ban rufe baki ba ta ce ɗari biyu. A cikin kanta ta raba tara gida uku ta ninka da ɗari ta ɗebe daga ɗari biyar, mataki uku, yarinyar da aka ce ba ta iya mataki ɗaya ba. Wannan ba sabon abu ba ne, a 1985 wasu masu bincike a birnin Recife na ƙasar Brazil sun gwada yara masu talla a titi suka ga lissafin da suke ci a wajen ciniki shi suke faɗuwa in an rubuta shi a takarda. Amma ki lura, aikin bai ƙare a tafa mata ba. Abin da Gay take nema shine ki ɗauki amsar nan ki kai ta allo, ki rubuta 500 ki rubuta 300 a ƙasa ki nuna mata abin da ta yi da ka shine wannan, ki maimaita da ita har ranar da za ta yi shi babu awara a ciki, don ranar jarrabawar kwaman entiran ba wanda zai tambaye ta canji.

Zancen yare

Ba za ki rubuta wannan furojet a Najeriya ki tsallake yaren koyarwa ba, kuma a nan muna da namu malamin da ya riga littafin Gay da shekara talatin. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajin nan na Ife inda aka koyar da yara duk darussa da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, turanci kuma aka ba shi ƙwararren malami a matsayin darasi, yaran ba su gaza takwarorinsu a turanci ba kuma sun yi kyau a sauran darussan. A Nijar an buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko harshen yankin, a 2022 gwamnati ta ce a kai shi shekara shida, a ƙarshen 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da soke wannan aka koma turanci. Ni dai ra'ayina matsalar ba ta taɓa zama ta harshen ba, ta rashin littattafai da malaman da aka horar su koyar da shi ce. Sannan ki tuna da yaron ruga, "harshen yankin" a garinmu Hausa ce, shi kuma ba ita ce tasa ba, don haka ko an koma Hausa zalla tambayar Gay tana nan daram.

Inda abin yake da rauni

Ba zan ɓoye miki ba, yawancin hujjojin da fannin ya dogara da su ƙananan nazari ne, aji ɗaya, malamai takwas, makaranta biyu, masu zurfi ne amma ba irin waɗanda za ki ce sun tabbatar da abu a kan yara miliyan ba. Wanda aka fi kafa hujja da shi mai alƙaluma shine na Thomas Dee da Emily Penner da ya fito a 2017, a kan wani kwas na tarihin ƙabilu da aka ba ɗaliban farkon babbar sakandare masu rauni a San Francisco, zuwansu makaranta ya ƙaru da maki 21 cikin ɗari kuma sakamakonsu ya tashi sosai, sai dai kwas ɗaya ne a 'yan makarantu a hannun malaman da suka ba da kansu ga abin. Ki kawo shi amma kar ki ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Rauni na biyu daga masu aiwatarwa yake, wata mai bincike Christine Sleeter ta yi ƙorafi a kansa a 2012, an mayar da abin bikin al'ada. Mu ma mun iya wannan, rana ɗaya a shekara a sa yara su yi shigar Fulani da ta Yarbawa a dafa tuwo da amala a yi rawa a ɗauki hoto, washegari a koma yadda ake. Na uku shine haɗarin ki ce tunda Bafulatani ne to mai kunya ne, tunda Bahaushiya ce to 'yar talla ce, kin koma gidan jiya ta wata ƙofar. Na ga yaran ruga masu baki kamar reza. Sanin al'ada yana ba ki tambayar da za ki yi ne, amsar tana wajen yaron. Kuma ba duk abin da aka kira al'ada za ki rungume ba, tallan da ya koya wa yarinyar nan lissafi shi ne yake sa ta gyangyaɗi a aji kuma shi zai iya cire ta daga makarantar gaba ɗaya. A Amurkar ma abin bai tsira daga siyasa ba, jihar Arizona ta yi doka a 2010 da aka rufe shirin karatun 'yan asalin Meziko na garin Tucson da ita, sai a 2017 wani alƙalin tarayya ya ce an yi hakan da nufin wariya.

Sai batun yara tamanin. Gay ta yi rubutunta ne tana kallon ajin da bai kai rabin naki ba, ziyarar gidan kowane yaro ba za ta yiwu miki ba kuma duk wanda ya ce miki za ta yiwu bai taɓa duba littafin yara tamanin a dare ɗaya ba. Kuma ki yi hattara da amshi, wani zai ce ai mu dama muna yi, "kun gane?" aji ya ɗauka "eeeh!", wannan ba shi take nufi ba, wannan bargo ne da yara talatin suke ɓuya a ciki. Abin da na ga yana aiki a babban aji shine a yi amshin don a ɗumama, sai a raba su rukuni-rukuni a sa wanda ya gane ya biya wa na kusa da shi da yaren da suka fi ji, tsarin da makarantar allo ta daɗe tana yi da manyan ɗalibai, sannan ki riƙa tsamo ɗaya-ɗaya daga bencin baya. Ni kaina ban taɓa riƙe ajin firamare na shekara guda cur ba, zuwa nake in duba in tafi, don haka a wannan ɓangaren abin da kika gani a shekara tara ya fi nawa nauyi.

Game da furojet ɗin, ki fara da maƙalar nan ta 2002 don ba ta kai shafi goma sha biyu ba kuma turancinta ya fi na littafin sauƙi, daga nan ki shiga babin kulawa da babin sadarwa na littafin, sauran ki bar su sai kin buƙata. Ki roƙi sufabaizanki kar ya sa ki raba kwashaniya, wato takardar tambayoyi, ɗari biyu kina tambayar malamai ko sun yarda al'ada tana da muhimmanci, kowa zai ce ya yarda ki tashi da tebur mai kyau wanda ba komai a cikinsa. Ki ɗauki abu ɗaya cikin biyar ɗin, ni da ni ne salon magana zan ɗauka, ki zaɓi aji biyu ko uku da ba naki ba ki zauna a baya da littafi, ki rubuta wa aka kira, wa ya ɗaga hannu ba a kira shi ba, da wane yare aka yi tambaya da wane aka amsa, me malami ya ce in yaro ya yi shiru, sannan ki samu iyaye ko goma ne ki tambaye su yadda yaro mai ladabi yake yi in babba yana masa magana, ki ajiye amsarsu kusa da abin da kika gani a ajin. Ki nemi izinin hedimasta a rubuce, ki sanar da iyayen, kuma ki canza sunayen yaran da na malaman a rubutunki. In kin tara na sati biyu ki turo mu duba tare kafin ki ci gaba.